Jinyar Taɓin Hankali Da Katin Inshora: Yadda Za Ka Gane Mai Kyau

An rubuta wannan darasi domin iyalan Hausawa mazauna Sahafa da sauran unguwannin kudancin Hartum, da na Umdurman da Bahri, waɗanda suke da mai taɓin hankali a gida kuma suke riƙe da katin inshorar lafiya ta gwamnati, wadda a nan ake kira ta'amin sihhi. Kati yana rage maka kuɗi, amma ba zai gaya maka ko jinyar da ake yi wa ɗanka ko matarka ko mahaifinka mai kyau ce ba. Kai ne za ka gane wannan da idonka, in ka san abin da za ka duba. Abin da darasin zai koya maka ke nan.

Ciwo ne kamar sauran ciwo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wani irin ciwon ƙwaƙwalwa. Mafi yawansu ba sa yawo a titi. Akwai mai baƙin ciki mai tsanani wanda ya daina ci da barci. Akwai mai fargaba. Akwai mai jin muryoyin da babu mai su, ko mai zargin ana binsa. Akwai matar da hankalinta ya juya bayan haihuwa, da saurayin da ƙwaya ta taɓa. Dukansu suna da magani, kuma da yawa suna komawa aikinsu da iyalinsu idan jinya ta yi kyau. Saboda haka kada ka ce ai ko yaya aka yi masa daidai ne. Yadda kake neman ƙwararre idan ƙafa ta karye, haka za ka nema idan hankali ya taɓu.

Abin da kati yake yi

An kafa dokar inshorar lafiya ta Sudan a 1994, aka fara aiki da ita a jihar Sinnar a 1995, daga nan ta bazu zuwa sauran jihohi. A 2016 aka yi sabuwar doka wadda ta mai da shiga inshora wajibi. A tsarin asusun, ana cire kashi 4 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 6. Iyalai marasa ƙarfi kuwa Diwanin Zakka ko Ma'aikatar Kuɗi ke biya musu. Mai kati ba ya biyan kuɗin ganin likita da gwaje-gwajen da ke cikin tsarin, magani kuma yana biyan rubu'in kuɗinsa, wato kashi 25 cikin 100, asusu ya cika sauran.

Abu biyu za ka riƙe. Na farko, asusu yana da jerin magungunan da ya yarda ya biya. Wanda ba ya cikin jerin, daga aljihunka zai fito gaba ɗaya. Na biyu, tsarin yana son ka fara daga ƙaramar cibiyar lafiya, a ba ka takardar turawa, sa'an nan ka je wurin babban likita. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan sha wahala a taga.

Me ake nufi da jinya mai inganci?

Asusun inshora, a kowace ƙasa, yana biyan abin da ake iya ƙirgawa: mutum nawa likita ya gani, kwana nawa aka yi a gado, ƙwaya nawa aka bayar. Wannan hanya tana aiki sosai ga tiyata ko gwajin jini. Ga taɓin hankali tana da giɓi, domin abubuwan da suka fi warkarwa ba sa fitowa a rasit. Ba a rubuta ko likita ya saurari marar lafiya ko bai saurare shi ba. Ba a rubuta ko an zage shi. Ba a rubuta ko ya koma kasuwa bayan wata uku. Likitan da ya ga mutum sittin kafin azahar yana iya fin wanda ya ga ashirin kyan takarda, alhali na biyun ne ya yi aikin.

Wani likita mai suna Abedis Donabediyan, haifaffen Beirut wanda ya koyar a Jami'ar Mishigan a Amurka, ya kawo ma'auni uku a 1966, kuma har yau da su ake auna asibitoci.

Na ɗaya, kayan aiki: gini, gado, ruwa, magani, da yawan ma'aikata da iliminsu.

Na biyu, yadda ake aiki: abin da ake yi wa marar lafiya tun shigarsa har fitarsa.

Na uku, sakamako: ya samu sauƙi? Ya koma cikin mutane?

A ma'auni na ɗaya Sudan ta daɗe cikin ƙaranci. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Ma'aikatar Lafiya a 2009 ya nuna likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai ɗaya ga mutum miliyan ɗaya ba, kuma yawancinsu a Hartum suke. Kai ba za ka iya ƙara likitoci ba. Amma ma'auni na biyu da na uku a gabanka suke faruwa. Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ga alamu bakwai da za ka duba.

1. An saurara, kuma an duba jiki

Ganin farko ba na minti biyar ba ne. Likita ko malamin asibiti zai tambayi yaushe abin ya fara, yaya barci da ci, ko akwai shaye-shaye, ko an taɓa yi a dangi, ko marar lafiya yana tunanin halaka kansa. Zai yi magana da shi kansa, ba da kai kaɗai ba. Zai auna zafin jiki da hawan jini, ya nemi gwajin jini idan da bukata. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin zazzaɓin cizon sauro da taifot da sanƙarau da faɗuwar sukari duk suna rikita hankali. Wanda ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu tare da zazzaɓi, jikinsa za a fara yi wa magani. Irin wannan babban asibiti na kusa za a kai shi, ba sai an haye kogi ba.

2. An gaya muku ciwon da tsarin jinya

Ka fito daga ɗakin likita kana sane da abu huɗu: sunan ciwon da ake zato, sunan magani da yadda ake sha, tsawon lokacin da za a sha, da ranar dawowa. Idan Larabcin likita ya yi wa tsoho ko tsohuwa nauyi, ka zo da wanda zai fassara da Hausa, kuma ka zaɓi mai riƙon amana. Ka sani magungunan baƙin ciki, irin su amitiriftilin da fuluksetin, ba sa nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kuma ana ci gaba da su wata 9 zuwa 12 bayan an warware. Mai jin muryoyi da ruɗu, idan karon farko ne, yakan ci gaba da magani aƙalla shekara ɗaya bayan ya samu sauƙi. Iyalin da ba a gaya wa wannan ba, su ne suke ajiye magani tun mako na biyu, su ce bai karɓe shi ba.

3. Magani ba ya yankewa

A nan ne inshora take da babban amfani, a nan kuma take yawan gazawa. A ce wani saurayi mai ɗinki a Sahafa an sallame shi da maganin wata ɗaya. Magani ya ƙare, aka je kantin inshora aka ce babu. Kuɗin waje ya fi ƙarfin gida, ga kuɗin mota zuwa Umdurman ga mutum biyu. Aka ce a bari zuwa ƙarshen wata, tun da ya samu sauƙi. Bayan 'yan makonni barci ya ƙaurace masa, ciwo ya dawo, aka sake kwantar da shi. A takardar asusu an biya gado sau biyu, kamar an yi aiki mai yawa. A gida kuwa an yi asarar keken ɗinki da masu kawo ɗinki, ƙila har da maganar aure.

Saboda haka, tun a gaban likita ka tambaya: “Likita, wannan magani yana cikin jerin inshora? In babu shi, wanne ne zai maye gurbinsa?” Tsofaffin magunguna irin su haloferidol da Largactil suna da araha kuma suna aiki. Ga wanda yake mantuwa ko ƙin haɗiyar ƙwaya, akwai allura mai daɗewa a jiki wadda ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu. Ka riƙa zuwa karɓar magani tun saura na mako ɗaya. Kada ka canza magani ko ka rage shi da kanka.

4. Ana bin illar magani

Kowane magani mai aiki yana da illa, kuma asibiti mai kyau yana tambaya a kai kowane zuwa. Haloferidol yana iya sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba, ko mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Mutane sukan ce ciwo ne ya ƙaru, alhali rage magani ko canza shi ne gyaran. Olanzafin da risferidon suna sa ƙiba, suna iya jawo ciwon sukari, don haka ana auna nauyi da sukari. Mai shan litiyam yana bukatar gwajin jini a kai a kai domin duba yawan maganin da aikin ƙoda. Balfuret yana iya lahanta ɗan da ke ciki, don haka mace mai ciki ko mai sa ran ɗauka ta faɗa wa likita tun kafin a rubuta.

Akwai kuma Artane, wanda ake bayarwa domin sandarewar jiki. Shi ne samari suke sha don maye, suna kiransa harsha. Idan an rubuta shi, babba a gida ya ajiye shi, ya riƙa ƙirgawa.

Ka lura da wannan kuma: masu ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani sukan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, kuma yawanci cututtukan jiki ne sanadi, irin su ciwon zuciya da sukari da tarin fuka. Katin da ya biya maganin hankali shi ne zai biya gwajin hawan jini. Ka yi amfani da shi.

5. Ana kiyaye mutunci

Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2009, kuma masu taɓin hankali suna ciki. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin duba gidajen jinyar ƙwaƙwalwa bisa wannan yarjejeniya. Abu biyar yake dubawa: wurin kwana da abinci da tsabta, samun jinyar jiki da ta hankali, haƙƙin mutum ya faɗi ra'ayinsa kan jinyarsa, kariya daga duka da wulaƙanci, da haƙƙin zama cikin jama'a.

Idan an kwantar da naka, ka shiga ɗakin ka gani, domin gani ya kori ji. Ka duba banɗaki da ruwan sha. Ka duba ko mata suna da ɓangarensu da mata masu kula da su. Ka dubi wuyan hannunsa da idon sawunsa. Idan dole ta sa aka riƙe marar lafiya domin kada ya ji wa kansa ko wani rauni, na ɗan lokaci ne, da umarnin likita, da wani a kusa yana dubawa, kuma a rubuta. Mari da duka da hana abinci ba jinya ba ne, a asibiti ne ko a gida. Jinyar lantarki tana taimakon wasu masu ciwo mai tsanani, amma sai an yi bayani an nemi yarda, kuma sai da allurar barci. Sirrinsa kuma amana ne: ba a karanta ciwon mutum da ƙarfi a layi.

6. Ana yin magana, ana koyar da iyali

Ƙwaya kaɗai ba ta isa ba. Ka tambaya ko akwai masanin halayyar ɗan Adam ko ma'aikacin jin daɗin jama'a da za su zauna da shi. Ga mai fargaba da wanda ya ga tashin hankali, zaman tattaunawa yakan zama babban magani. Ku ma iyali kuna da darasi: yadda za ku yi masa magana ba da faɗa ba, yadda za ku ba shi ƙaramin aiki a gida, da alamun da ke nuna ciwo zai dawo, musamman rashin barci da keɓe kai. An daɗe da gano cewa gidan da ake yawan faɗa da gori, ciwo ya fi saurin dawowa a cikinsa.

7. Sallama tana da shiri, kuma ana duba sakamako

Ranar sallama ka karɓi takardar da ta faɗi ciwo da magani da ranar dawowa. Ka tambaya ko za a iya ci gaba da bibiya a cibiyar lafiya ta unguwa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin horar da ƙananan likitoci da malaman asibiti su riƙa kula da irin waɗannan cututtuka kusa da gida, saboda ƙarancin ƙwararru.

Bayan wata uku ka yi wa kanka tambaya. Yana barci? Yana wanka da kansa? Yana cin abinci tare da mutane? Ya koma makaranta ko sana'a, ko da rabin yini? Shi da kansa me ya ce? Wanda ya yi shiru yana kwance yini guda domin magani ya danne shi, gida ya huta, amma shi bai warke ba. Ka gaya wa likita haka.

Masid da asibiti

Da yawa cikinmu sukan fara kai marar lafiya wurin malami ko masid kafin asibiti. Manyan likitocin ƙasar nan sun san da haka tun farko. Dakta Tijjani Almahi, wanda aka haifa a 1911, shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan. Ya buɗe ɗakin duba masu wannan ciwo a Bahri a 1949, ya yi nazarin aikin shehunai da na masu zar, ya nemi su riƙa turo masa marasa lafiya. Ya rasu a 1970, aka buɗe asibitin da ke ɗauke da sunansa a Umdurman a 1971. Dakta Ɗaha Ba'ashar, wanda aka sa wa asibitin Bahri sunansa, ya ci gaba a kan wannan hanya. Masid ɗin Ummu Dawanban da ke gabas da Hartum ya shahara da karɓar masu taɓin hankali.

Abin koyi a nan shi ne, ma'aunin ɗaya ne a ko'ina. Addu'a da karatu suna kwantar wa marar lafiya da iyalinsa hankali, kuma ba sa hana shan magani. Amma duk wurin da aka ce a ajiye ƙwayar likita, ko aka sa mari, ko bulala, ko aka hana abinci, ka ɗauke naka. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Yawan masu yin abu ba ya mai da shi daidai.

Bayan yaƙi

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe asibitoci da yawa a Hartum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 70 cikin 100 na asibitocin wuraren da ake faɗa sun daina aiki. Ma'aikata sun watse, magani ya yanke wa dubbai, takardun asibiti sun ɓace. Ga waɗanda suka dawo gida, ga abin yi.

Ka je ofishin inshora ka tabbatar katin kowa a gidan yana aiki, ka tambayi cibiyoyi da kantunan maganin da ke karɓarsa yanzu. Kafin ka ɗauki marar lafiya ku haye kogi, ka bincika ranar da likita yake zama. Wanda ya yi watanni ba ya shan magani, kada ya koma kan tsohon adadi kai tsaye, sai likita ya gan shi. Kuma ka sa ido kan waɗanda a da lafiyarsu lau: yaron da ya koma fitsarin kwance, matar da ƙarar ƙofa take razanawa, magidancin da ya daina magana. Idan abin ya wuce wata ɗaya yana hana su harkokinsu, su ma a kai su.

Littafin gida

Ka sayi ƙaramin littafi ka keɓe shi domin marar lafiya. Ka rubuta sunan ciwo, sunan kowane magani da adadinsa, ranar kowace allura, sakamakon gwaji, da abin da kuka lura da shi. Ka ɗauki hoton takardun a waya. Idan likita ya canza ko asibiti ya rufe, wannan littafi shi ne tarihinsa. Ka ajiye rasit na duk maganin da ka saya a waje domin babu shi a kantin inshora, ka kai kuka ofishin asusu a rubuce, da ladabi. Idan iyalai biyar ko goma suka kai kuka ɗaya tare, an fi jin su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ka jira ranar dawowa idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan

Yana maganar halaka kansa ko wani, ko yana tara ƙwayoyi.

Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa a kan mai shan magani.

Wuya ya murɗe, ido ya juya sama, ko harshe ya fito bayan sabon magani.

Ƙuraje ko saɓar fata ko gyambon baki bayan fara kabamazafin.

Amai da gudawa da rawar jiki da tangaɗi a kan mai shan litiyam.

Mai jego ta daina barci, tana surutai, ko tana tsoron jaririnta.

Ya ƙi ci da sha yini biyu.

Irin wannan a kai shi asibiti nan take, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Tambayoyin bita

1. Kashi nawa na kuɗin magani mai kati yake biya, kuma wane magani ne asusu ba ya biya?

2. Faɗi ma'auni uku na auna jinya. Waɗanne biyu ne iyali za su iya dubawa da kansu?

3. Me ya sa ake duba jikin wanda hankalinsa ya rikice farat ɗaya?

4. Waɗanne abubuwa huɗu ya kamata ka sani kafin ka fito daga ɗakin likita?

5. Yaya za ka bambanta wanda ya samu sauƙi da wanda magani ya danne?

6. Me za ka rubuta a littafin gida?

Ka karanta wa mutanen gidanka wannan darasi, har da marar lafiyar idan ya samu natsuwa, domin jinyarsa ce, kuma yana da bakin magana a cikinta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu kula da su da alheri.